Kafofin kebul biyu a bayan kwamfuta: yadda za a tayar da ta biyun, da aikin da ya dace da ita

Tambayar da aka aiko ita ce: mutum ya sayi kwamfutar tebur don aikin gida, ya duba bayanta ya ga kafofi biyu na kebul ɗin intanet. Ya jona kebul a ta farko, komai ya tafi daidai. Ya mayar da shi ta biyu, shiru, ko fitila ba ta kama ba. Windows 11 ne a kan kwamfutar, amma yana da niyyar gwada Linux. Yana so ya san yadda zai sa duka biyun su yi aiki, kuma ko gudun intanet ɗinsa zai ninka idan ya jona su duka a rauta ɗaya.

Ɗan'uwa, tambayarka gida biyu ce. Tayar da kafar da ta ƙi aiki ba wuya, galibi bai wuce saiti ɗaya a BIOS (shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi) ko direba ɗaya (manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da wani sashe na injin) da ba a ɗora ba. Inda mutane suka fi shan wahala shi ne bayan ta tashi, domin kafa ta biyu ba ta da wani amfani sai ka ba ta aikin da ya bambanta da na ta farko. Batun ninka gudu kuwa, bari in faɗa maka tun yanzu don kada ka je ka sayi kebul a banza: ba zai ninka ba. Dalilin yana tafe.

Kafin ka taɓa wani saiti, tsuguna ka karanta abin da aka rubuta a gefen kafar. Ba duk rami mai wannan siffa ne na intanet ba. Idan kwamfutar taka tsohuwar saba ce ta gwanjo (server, kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), irin na HP ko Dell ko masu allon ciki (motherboard) na Supermicro, za ka iya ganin an rubuta iLO, iDRAC, IPMI ko MGMT. Wannan kafar ta wata ƙaramar kwamfuta ce da ke cikin allon, wadda ake sarrafa injin da ita daga nesa, kuma Windows ba zai taɓa nuna maka ita a matsayin katin intanet ba, komai direban da ka ɗora. Haka ma ƙananan akwatunan nan masu kafofi huɗu ko shida, sukan zo da ɗaya da aka rubuta wa COM ko Console. Ita ma kamanni ne kawai, ba ta ɗaukar intanet. Idan ka ga LAN1 da LAN2, ko ka ga 1G a ɗaya, 2.5G a ɗayar, to da gaske biyu gare ka.

Gwajin da ka yi na cire kebul mai aiki ka mayar da shi kafa ta biyu shi ne daidai, domin ya wanke kebul da rauta daga zargi. Sai dai rashin kamawar fitila bai isa hujjar cewa kafar ta mutu ba. Kafar da aka kashe a BIOS, ko wadda ba ta da direba, tana iya zama a duhu haka nan.

Shiga BIOS. A yawancin alluna maɓallin Del ne ko F2 da zarar ka kunna, a HP kuma F10. Nemo wurin da aka jera kayan da ke manne a allo. ASUS suna kiransa Onboard Devices Configuration, MSI suna cewa Integrated Peripherals, Gigabyte kuma sun sa shi a ƙarƙashin IO Ports. A nan za ka tarar kowace kafa tana da layinta, misali Intel LAN Controller daban, Realtek LAN Controller daban. Duk wanda ka gani a Disabled, mayar da shi Enabled, ka adana, ka fita. Kada Network Stack ko PXE su ruɗe ka, waɗannan na tayar da kwamfuta ta hanyar kebul ne, ba ruwansu da matsalarka.

Abin da ya fi kama mutane shi ne zaton cewa tunda kafofin suna jere a allo ɗaya, direba ɗaya ne zai ishe su. Sau da yawa kamfanoni biyu ne suka ƙera ayisin (IC, ɗan guntun da ke tafiyar da kafar) da ke bayansu. Ta gigabit ɗaya tana iya zama Intel I219-V ko I211, ta 2.5 kuma ta zama Realtek RTL8125 ko Intel I225-V ko I226-V, idan allon mai tsada ne har da ta gigabit 10 ta Aquantia, kamfanin da Marvell ya saye a 2019. Windows yakan zo da direban tsohuwar a cikinsa, ya rasa na sabuwar, shi ya sa ɗaya ke tashi da kanta ɗaya ta kwanta.

Danna dama a kan maɓallin Start ka buɗe Device Manager. Duba ƙarƙashin Network adapters, sannan ka duba ƙarƙashin Other devices. Idan ka ga wani abu mai suna Ethernet Controller da alamar rawaya a jikinsa, to ga marar lafiyar nan, kuma albishir ne, domin hakan yana nufin ayisin yana raye. Buɗe Properties, ka je Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu mai ɗauke da VEN da DEV. VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, VEN_1D6A na Aquantia. Lambar da ke bin DEV ita ke faɗa maka samfurin: 8168 tsohuwar gigabit ce ta Realtek, 8125 ta 2.5 ce, 15F3 ita ce I225-V, 125C kuma I226-V. Da wannan za ka je shafin kamfanin da ya ƙera allonka, ko shafin Intel ko Realtek kai tsaye, ka sauko da direban da ya dace. Tunda kafa ɗaya tana aiki, ba ka ma buƙatar filashi. Ina roƙonka ka guji manhajojin nan da ke alkawarin sabunta maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Sukan cusa direban da bai dace ba, wasu ma har da tarkacen talla, kuma gyaran ɓarnarsu ya fi matsalar farko cin lokaci.

Idan kuma katin yana nan lafiya a Device Manager, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta ncpa.cpl. Wani lokaci za ka tarar an kashe shi ne kawai a nan, launinsa ya yi toka-toka. Danna dama, Enable, shi ke nan.

Akwai yanayin da katin ke ɓacewa ɗungurungum, babu shi a Network adapters, babu shi a Other devices, alhali BIOS ya ce a kunne yake. Wannan yakan biyo bayan ɗaukewar wuta ba zato, ko canjawa tsakanin Windows da Linux. Ayisin intanet ba ya mutuwa gaba ɗaya idan ka kashe kwamfuta, yana ci gaba da shan ɗan wutar jira, saboda haka idan ya maƙale a wani hali marar kyau, sake kunnawa ba ya warkar da shi. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango ko daga UPS, danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar sakan talatin, sannan ka mayar. Ka kuma kashe Fast Startup a saitin wuta na Control Panel, musamman idan za ka haɗa Windows da Linux a inji ɗaya, domin da shi a kunne Windows ba ya rufewa da gaske.

Masu I225-V da I226-V suna da nasu labarin. Fitowar farko ta I225-V, wajen 2020, ta zo da matsalar yankewa da faɗuwar gudu idan aka haɗa ta da wasu rautoci a gudun 2.5, har sai da Intel ya sake fitar da ayisin a gyare. I226-V ma an yi ta kuka da yankewar sakan kaɗan a farkon 2023, kuma shawarar da Intel da kansa ya bayar a lokacin ita ce a kashe Energy Efficient Ethernet. Za ka same shi a Properties na katin, ƙarƙashin Advanced. Idan kafar ta tashi amma tana yankewa tana dawowa, fara da sabon direba da sabon BIOS, sannan ka kashe wannan saitin. Idan ta ci gaba, tilasta mata gudun gigabit ɗaya a Speed & Duplex, wanda ga mai intanet ɗin gida babu asarar komai a ciki.

A Linux binciken ya fi gajarta. Umarni biyu ne:

lspci -nnk | grep -iA3 ethernet
ip -br link

Na farko zai jero maka kowane ayisi da direban da ke riƙe da shi. I219 yana tafiya da e1000e, I210 da I211 da igb, I225 da I226 da igc, na Realtek da r8169, na Aquantia da atlantic. Duka suna cikin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ba sai ka sauko da komai ba, in dai kanel ɗin bai tsufa ba. RTL8125 ya samu shiga r8169 ne a kanel 5.4, samfurinsa na B kuma a 5.9, saboda haka wanda ya ɗora tsohon Ubuntu ko tsohon Debian zai ga kafar 2.5 a kwance. Maganinsa sabon kanel ne, kuma yawancin Linux na 'yan shekarun nan sun wuce wannan matsala. Umarni na biyu zai nuna maka sunayen kafofin, irin su eno1 da enp3s0. Idan ka rasa wace ce wacce, rubuta sudo ethtool -p eno1 10, a yawancin katuna fitilar wannan kafar za ta yi ta ƙiftawa na sakan goma.

Idan ka bi duk wannan, ayisin yana bayyana, direba yana nan, amma ko wane kebul ka jona sai ya ce babu haɗi, to mai yiwuwa kafar ta ƙone. Tsawar damina tana yawan yin wannan ɓarna, musamman inda aka ja kebul ta sararin tsakar gida daga wannan ɗaki zuwa wancan, ko daga eriya a kan rufi. Abin da ke ƙonewa ɗan taransifoman da ke bayan ramin ne ko ɓangaren ayisin da ke fuskantar kebul, shi ya sa Windows ke ci gaba da ganin katin kamar lafiyarsa ƙalau. Kada ka canja allo saboda wannan. Katin intanet na PCIe ko adafta ta USB zai maye gurbin kafar a kan kuɗi kaɗan.

Wani abu guda kan kebul kafin mu wuce. Idan kafar ta tashi amma Status yana nuna 100 Mbps maimakon 1.0 Gbps, zargi kebul da farko. Gudun megabit 100 yana amfani da wayoyi huɗu ne kawai cikin takwas ɗin da ke cikin kebul, gigabit kuwa sai duka takwas sun haɗu. Waya ɗaya ta ƙi zama daidai a lokacin matse kai, sai haɗin ya sauka zuwa 100 ba tare da ya ce maka komai ba. Cat5e na jan ƙarfe zalla ya isa gigabit ɗaya har ma da 2.5 a tsawon da bai wuce mita 100 ba. Mai arahar nan da aka yi da alminiyam aka shafa masa jan ƙarfe a sama, shi ne ke karyewa a ciki yana jawo irin wannan.

To, a ce kafar ta tashi. Ka jona duka biyun a rauta ɗaya, me zai faru? Kowace kafa tana da lambar shaidarta, wato MAC, saboda haka rauta zai ɗauke su a matsayin na'urori biyu, ya ba kowace adireshin IP, misali 192.168.1.20 da 192.168.1.21. Fitilu za su kama, Windows zai ce duka a haɗe suke. Amma idan kwamfuta za ta aika saƙo waje, dole ta zaɓi hanya ɗaya, kuma tana zaɓa ne da wata lambar fifiko da Windows ke kira Metric, wadda mafi ƙanƙanta ke yin nasara. Windows yana ba kafar gigabit ɗaya 25, ta 2.5 yana ba ta 20, ta megabit 100 kuma 35. Kusan duk zirga-zirgarka za ta bi ta guda, ɗayar tana zaune da fitila a kunne. Kana iya gani da idonka idan ka rubuta Get-NetIPInterface a PowerShell, ko ka buɗe Task Manager kana sauke wani babban fayil.

Ko da ma a ce an raba zirga-zirgar daidai wa daida, intanet ɗin ba zai ƙaru ba, domin ƙuncin ba a tsakaninka da rauta yake ba. Kafa ɗaya ta gigabit tana ɗaukar megabit 1000 a sakan. Layin 4G na gida yana ba ka 'yan gomomi ne, Starlink ma da ake yabon gudunsa bai cika kafa ɗaya ba. Abin da kamfanin intanet ya sako maka shi ne iyakarka, ko kebul nawa ka ja daga rauta zuwa kwamfuta.

Za ka ji ana maganar ɗaure kafofi biyu su zama ɗaya, abin da ake kira LACP, wanda ya fito a ƙa'idar IEEE 802.3ad a shekarar 2000, daga baya aka mayar da shi 802.1AX a 2008. Gaskiya ne akwai shi, amma yana da sharuɗɗa. Sai suwic ɗinka (akwatin da ke haɗa kebul na na'urori da yawa) ko rautarka ta san shi, kuma rautocin da kamfanonin waya ke bayarwa da ƙananan suwic marasa saiti ba su san shi ba. Sannan Windows 10 da 11 na gida ba su da tsarin ɗaure kafofi irin na Windows Server, Intel ma ya daina tallafa wa nasa tsarin a Windows 11. Abu mafi muhimmanci, LACP ba ya raba haɗi guda gida biyu. Kowane haɗi ana ɗora shi a kan kafa ɗaya ya tsaya a kanta. Kamar banki ne ya ƙara ma'aikaci na biyu a kanta: layi zai ragu idan mutane suna da yawa, amma kai kaɗai ba za a ƙirga maka kuɗinka da sauri fiye da da ba. Saba mai yi wa kwamfutoci goma hidima tana cin ribar wannan. Mutum ɗaya mai kwafar fayil ɗaya ba ya cin komai.

A Linux ɗaurewar tana cikin kanel, kuma akwai salo ɗaya da ba ya buƙatar suwic na musamman, wato active-backup, inda kafa ɗaya ke aiki ɗaya ke jiran ko-ta-kwana:

nmcli con add type bond ifname bond0 bond.options "mode=active-backup,miimon=100"
nmcli con add type ethernet ifname eno1 master bond0
nmcli con add type ethernet ifname enp3s0 master bond0

Yana aiki da kyau, sai dai a gida ban ga ribarsa sosai ba. Abin da ke yanke maka intanet wuta ce ko data ko rautar kanta, kuma wannan ɗaurin ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai wuri ɗaya da kebul biyu ke ninka gudu da gaske, shi ne kwafar fayil tsakanin na'urori biyu a cikin gida. Tun daga Windows 8 da Server 2012, tsarin raba fayil na SMB 3.0 yana da abin da ake kira SMB Multichannel, wanda ke buɗe haɗi da yawa don kwafa ɗaya ya shimfiɗa su a kan kafofin da ke akwai. Ba ya buƙatar saiti ko suwic mai tsada. Sharaɗinsa shi ne ɗaya ɓangaren ma ya kasance yana da kafofi biyu ko kafa ɗaya mai gudu sosai, kuma kafofin naka su zama masu gudu iri ɗaya, domin idan ɗaya ta fi, Windows mai gudun zai ɗauka ya bar ɗayar. Samba na Linux ya fara kunna shi da kansa daga fitowar 4.15. Kafa ɗaya ta gigabit tana kwafar megabait 110 da 'yan kai a sakan, biyu kuma suna iya haura 200, in dai faifan ajiyar yana iya bin wannan gudu. Don ka tabbatar, rubuta Get-SmbMultichannelConnection a PowerShell lokacin da kwafar ke tafiya.

Ni dai shawarar da na fi ba mai kwamfutar gida ita ce ya bar kafa ta farko ga rauta, ta biyu kuma ya ja ta kai tsaye zuwa wata na'ura guda da yake yawan mu'amala da ita: akwatin ajiya na NAS, kwamfuta ta biyu, ko na'urar ɗaukar hotunan kyamarorin tsaro. Ga mai tace bidiyon biki ko mai aikin hoto, wannan ne ke sa kafar 2.5 ta biya kuɗinta, domin idan ɗaya ɓangaren ma yana da 2.5, za ka samu wajen megabait 280 a sakan ba tare da ka sayi sabon suwic ba. Kebul na yau da kullum ya isa, katunan gigabit suna gane juna da kansu, zamanin neman kebul mai juyayyen kai ya wuce.

A wannan haɗin babu rautar da za ta raba adireshi, saboda haka kai za ka rubuta da hannu. Idan ka bar su, za su ba kansu adireshi mai farawa da 169.254, wanda alama ce ta cewa sun nemi mai ba su adireshi sun rasa. A ncpa.cpl buɗe Properties na kafa ta biyu, ka shiga Internet Protocol Version 4, ka ba ta 192.168.50.1 da 255.255.255.0. Ɗaya na'urar ka ba ta 192.168.50.2. Ƙa'idoji biyu ne a nan, kuma kusan duk wanda ya kawo mini ƙorafin cewa intanet ya ɗauke bayan ya jona kebul na biyu, ɗaya daga cikinsu ya karya. Ta farko, rukunin adireshin ya bambanta da na rauta: idan rauta tana kan 192.168.1, wannan ya zama 192.168.50 ko wata lamba daban. Ta biyu, gurbin Default gateway na kafa ta biyu a bar shi babu komai. Wannan gurbin yana nufin ƙofar fita zuwa duniya, kuma idan ka cika shi, kwamfuta za ta iya tura saƙonnin intanet zuwa akwatin ajiya, inda babu mafita. A Linux layi ɗaya ne:

nmcli con add type ethernet ifname enp3s0 con-name ajiya ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.50.1/24 ipv4.never-default yes

Windows zai kira wannan haɗin Unidentified network saboda rashin ƙofar fita, ya ɗauke shi a matsayin na bainar jama'a, katangar tsaronsa kuma ta toshe raba fayil daga kwamfutarka. Buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa ka rubuta Set-NetConnectionProfile -InterfaceAlias "Ethernet 2" -NetworkCategory Private. Idan ya koma gidan jiya bayan sake kunnawa, masu Windows Pro su buɗe secpol.msc, su shiga Network List Manager Policies, su mayar da Unidentified Networks ya zama Private. Sannan idan akwatin ajiyar yana kuma jone da rauta, kira shi da adireshinsa na 192.168.50.2 maimakon sunansa, don ka tabbata ta kebul mai gudu kake bi.

Aiki na biyu da ya dace da wannan kafar shi ne layin intanet na biyu, ga mai rautoci biyu na kamfanoni daban. Nan ma rukunin adireshin rautocin ya bambanta. Na Huawei galibi suna kan 192.168.8.1, rautar Starlink tana kan 192.168.1.1, wasu da yawa kuma suna kan 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Idan biyun suka yi karo, shiga saitin ɗaya ka canja. Daga nan sai ka faɗa wa Windows wanda ka fi so: a Advanced na saitin IPv4, cire alamar Automatic metric, ka ba babban layi 10, na jira 50. A Linux kuma saitin ipv4.route-metric ne ke yin wannan.

Amma ka san iyakar wannan tsari tun kafin ya ba ka kunya a tsakiyar aiki. Kwamfuta tana komawa layi na biyu ne idan haɗin kebul na farko ya yanke, wato an zare shi ko rauta ta mutu. Idan data ce ta ƙare, ko sabis ya ɗauke daga can turken kamfani, rautar tana nan a kunne tana amsawa, kwamfuta kuma za ta ci gaba da tura mata saƙo tana jiran amsar da ba za ta zo ba. A irin wannan hali sai ka kashe kafar farko da hannunka a ncpa.cpl. Wanda ke son canjin ya faru da kansa, ko yake son a raba lodin gida a kan layuka biyu, aikin rauta mai ɗaukar layi biyu ne, wadda ke gwada kowane layi a kai a kai ta ga ko intanet na wucewa.

Kana kuma iya miƙa wa wata na'ura intanet ta kafa ta biyu, misali talabijin ko kwamfutar yara da ke kusa da teburinka. Hanya biyu ce a Windows. Ko ka buɗe Properties na kafar da ke da intanet, ka je Sharing ka kunna, sai kafa ta biyu ta ɗauki 192.168.137.1 ta riƙa raba adireshi da kanta. Ko ka zaɓi kafofin biyu tare, ka danna dama, ka zaɓi Bridge Connections, sai kwamfutarka ta zama tamkar suwic, na'urar ta karɓi adireshi daga rauta kai tsaye. A duka biyun, idan kwamfutarka ta mutu ko ta yi barci, na'urar ta rasa intanet, shi ya sa ƙaramin suwic mai kafa biyar ya fi dacewa idan abin na dindindin ne. Kuma a nan akwai haɗarin da nake so ka riƙe da kyau: kada ka taɓa yin Bridge alhali kebul biyun suna jone a rauta ɗaya ko suwic ɗaya. Ka yi da'ira ke nan, saƙonni za su iya yi ta zagayawa suna ninkuwa har intanet ɗin gidan gaba ɗaya ya tsaya cak, fitilun rauta suna ƙiftawa babu tsayawa. Idan hakan ta faru, zare kebul ɗaya, nan take komai zai lafa.

Tunda ka ambaci Linux, inji mai kafofi biyu shi ne ainihin abin da ake buƙata don gina rauta ta kanka, kafa ɗaya ta karɓo intanet, ɗaya ta raba wa gida, da OPNsense ko pfSense ko OpenWrt. Biyun farko a kan FreeBSD aka gina su, kuma sun fi jituwa da katunan Intel fiye da na Realtek. Sai dai wannan aiki ne na injin da aka ware masa shi kaɗai, wanda zai kwana a kunne, kuma kwamfutar tebur tana shan wuta ninkin abin da ƙaramar rauta ke sha, abin da mai amfani da sola ko inbata zai ji a batirinsa. Kwamfutar da kake aiki a kanta kullum ba ta dace da wannan ba.

Duk tsarin da ka zaɓa tsakanin na'urori biyu, auna shi da iperf3 maimakon shafukan gwajin gudun intanet, domin su layin kamfani suke aunawa, ba kebul ɗinka ba. A na'ura mai adireshi 192.168.50.2 rubuta iperf3 -s, a ɗayar kuma iperf3 -c 192.168.50.2. Haɗin gigabit mai lafiya zai ba ka wajen megabit 940, na 2.5 kuma wajen 2350. Idan ka ga 94 ko kusa da haka, haɗin ya sauka zuwa 100 ke nan, koma ka sake matse kan kebul ɗin.